Me Ya Sa Ba A Manta Malam Zurƙe?

A nan Nijar yawancinmu ba a aji muka haɗu da Ruwan Bagaja ba. Lakkal ɗinmu ta Faransanci ce, littafin Hausa kuwa sai wanda ɗan kasuwa ya sako cikin kayansa daga Kano. Saboda haka da na fara karanta shi a shirina na rediyo, kaɗan-kaɗan bayan sallar isha'i, da yawa cikin masu saurare a kunne suka fara saninsa. Mutumin da babu jarrabawa a gabansa kuwa, abin da ya kama masa zuciya kaɗai yake riƙewa.

Na zaci aljanu za su tafi da hankalinsu. Amma in aka buɗe layin waya, tambayar da ta fi yawa ita ce yaushe Malam Zurƙe zai sake ɓullowa. Wani dattijo mai gadi har faɗa ya yi mini, wai an zalunci bawan Allah, kamar ni na rubuta littafin.

Wurin da ya tunzura shi sananne ne. Alhaji Imam, jarumin labarin, ya sami gari na marasa karatu ya shimfiɗa buzu ya zama malami. Zurƙe ya zo zai tona masa asiri. Sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya dube shi da idon almajiri ya kira sunan harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka duba suka ga lalle abin da suka sani ke nan, suka bi bayan maƙaryaci. Zurƙe ya fi shi karatu, kuma shi ne ya kwashi kunya. Wa bai taɓa ganin haka ba, a kasuwa, ko a wurin aiki, ko ranar zaɓe? Dariya muke yi, amma akwai ɗaci a ƙarƙashinta, don kowa ya taɓa zama Zurƙe sau ɗaya, in kuma zai faɗi gaskiya ya taɓa sha'awar zama Alhaji.

A ganina nan ne ƙarfin littafin yake. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina, ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kuma bai ji tsoron ba mu jarumi mai aibi ba. Alhaji mayaudari ne. Sai dai abin da ya fitar da shi daga gida abu ne da Bahaushe ba ya wasa da shi: limamin da ya zame masa uba ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, aka yi masa ba'a a fada, yaron ya tashi don ya wanke wannan kunya. Muna ƙin halinsa muna kuma son ya yi nasara. Zurƙe ma ba kanwar lasa ba ne, yana ramawa, shi ya sa duk haɗuwarsu mai sauraro ba ya sanin wa zai kwana a ciki.

Ku gwada shi da Gandoki na Bello Kagara, yayan Imam, wanda ya fito daga wannan gasa. Inda Gandoki yake yaƙi da Turawa a ƙasar da muka san sunayenta, jikina har tsuma yake ina karantawa, domin mun san yadda tarihi ya ƙare, mun san takobi bai kayar da bindiga ba, kuma duk cika bakinsa akwai ciwo a ciki. Da ya faɗa duniyar aljanu yana cin nasara a kan kowa, sai na ji muryata ta yi sanyi a gaban makirfo. Abin mamaki ya ƙaru, fargaba ta tafi.

Wannan ita ce cutar da yawa daga littattafan yaƙi na yanzu, waɗanda ake turo mini in karanta. Marubutansu suna da ƙirƙira, ban raina musu ba: birane bakwai ƙarƙashin teku, bokaye masu shekara dubu, dodo mai kai casa'in. Amma sadaukin yana sare dakaru dubu da sara ɗaya, ba ya jin yunwa, ba ya cin bashi, bai taɓa jin kunyar surukinsa ba. In tsafi zai warware kowace matsala a shafi na gaba, me zan zauna jira? Ko a tatsuniya kakanninmu sun san wannan. Gizo yana zuwa inda mutum ba ya zuwa, amma kwaɗayinsa na gidanmu ne, kuma sau da yawa shi ke kayar da shi.

Ba na cewa Ruwan Bagaja ba shi da rauni. Mata a cikinsa kusan inuwa ne, ba a ba su baki ba. Kuma sashen da aka shiga wurin aljanu aka samo ruwan, wanda ya kamata ya zama ƙololuwa, ni a wurina bai kai rigimar Alhaji da Zurƙe armashi ba.

Daren da na karanta shafin ƙarshe, mai gadin nan ya sake kira. Bai ce uffan a kan ko ɗan sarki ya warke ba. So yake in duba masa da kyau, ko akwai wani littafin da Zurƙe ya ba da labarin da bakinsa.