Tuwon Sisi Da Sauran Labarai: Sharhi A Kan Rubuce-Rubucen Tuna Baya

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. In kuwa haka ne, to lalle marubutanmu da dama ba su ji daɗin bana ba, domin kuwa wani irin rubutu ya yawaita a jaridu da mujallu da shirye-shiryen rediyo, har ma da waƙoƙin da akan karanta a tarurrukan ƙungiyarmu, wanda muke iya kira rubutun tuna baya. Zubinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Marubuci zai ɗauki wata rana ko wata shekara da ta shuɗe, ya jero farashin mudun gero da kwalbar kananzir da turmin atamfa, ya ambaci mawaƙa biyu ko uku, ya ɗan taɓo labarin da ya cika gari a lokacin, sa'an nan ya rufe da cewa Allah sarki, jiya ba yau ba. Manufar wannan maƙala ita ce mu auna irin wannan rubutu, mu ga abin da ya kawo da kuma abin da ya bari a hanya.

Ya kamata mu faɗa tun da fari cewa mu ma ba a haife mu ba a zamanin da za mu yi magana a kai. Abin da ya tunzura mu shi ne wani aikin gida da muka ba ɗalibanmu na babbar sakandare, cewa kowa ya je ya tambayi wani dattijo yadda rayuwa take a shekarar da aka canja kuɗi. Da takardu suka dawo, sai ka ce bakin mutum ɗaya aka kwafa: tuwon sisi, naman taro, zaman lafiya, kowa a ƙoshe. Yarinya ɗaya ce kaɗai ta rubuto cewa kakarta ta ce a shekarar ne suka sayar da awakinsu duka don su sayi hatsi, hatsin kuma bai kai su damina ba. Wannan takarda guda ta fi sauran duka kama da adabi.

Abin Yabo

Kafin suka, sai yabo. Rubutun tuna baya ya yi wa harshenmu hidimar da ƙamus kaɗai ba zai iya ba, watau ya riƙe mana sunayen kuɗi a cikin jimla mai rai. Yaron yau bai taɓa riƙe kwabo ba, balle ya san cewa ahu kwabo ɗaya da rabi ne, taro kwabo 3, sisi kwabo 6, nai kwabo 9, sule kuwa kwabo 12. Alhali in bai san waɗannan ba, tsofaffin littattafanmu da wasanninmu za su zame masa duhu, kuma ba zai gane hikimar da ke cikin sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ba, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Bugu da ƙari, irin wannan rubutu yana da daɗin karatu, yana kuma sa yara su zauna gaban tsofaffi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar Gwaji

Domin kada maganarmu ta zama shaci-faɗi, bari mu ɗauki rana guda wadda masu wannan rubutu suka fi sha'awa, watau Litinin, 1 ga Janairu, 1973, ranar da Nijeriya ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo. Janar Yakubu Gowon ne shugaban ƙasa, jihohi 12 ne, Alhaji Shehu Shagari ne kwamishinan kuɗi na tarayya, Audu Baƙo kuma yana gwamnan Kano. An yi lissafin ne a kan cewa fam ɗaya naira 2 ne, sule 10 naira ɗaya, sule ɗaya kuma sabon kwabo 10. Aka fito da takardun kwabo 50 da naira 1 da 5 da 10, da tsabar rabin kwabo da kwabo 1 da 5 da 10 da 25.

To, a nan ma akwai labarin da marubutanmu suke tsallakewa. Jiya sule kwabo 12 ne, yau ya koma kwabo 10. Ke nan mai ƙosan da ke sayar da ɗaya kwabo, in ta tsaya a kan bakanta, wanda ya miƙa mata sule ya yi asarar ƙosai biyu ba tare da an ce an ƙara kuɗi ba. Taro ya zama kwabo biyu da rabi, nai ya zama bakwai da rabi, tsohuwar da ba ta yi boko ba kuma dole ta dogara da gaskiyar mai awo. Ga rikici, ga ban dariya, ga zalunci, ga amana, duk a bakin kasko ɗaya. Wannan shi ne kayan aikin mai ƙaga labari. Amma sai a bar shi, a kawo mana jerin farashi kamar takardar kanti.

Har ila yau, ba su cika lura da yadda harshe ya yi wa doka gardama ba. Gwamnati ta kashe fam, Bahaushe bai kashe ba. Shekaru da dama bayan haka ana cinikin dabba da fam, ana nufin naira 2, ana cewa jaka ana nufin naira 200, kwabo 10 kuma ya ci gaba da amsa sunan sule. Marubucin da ya sa ɗan tauraronsa na ƙauye yana ƙirga naira tiryan-tiryan a makon farko na 1973, ya nuna cewa bai saurari mutanen da yake rubutu a kansu ba.

Farashi Ba Gumi

Babban aibin wannan rubutu shi ne kawo farashi ba tare da an kawo gumin da ake yi kafin a sami kuɗin ba. Gaskiya ne a 1973 litar man fetur ba ta kai kwabo 10 ba, dalar Amurka kuma wajen kwabo 66 ce. In aka ajiye wannan kusa da abin da ya biyo bayan karya darajar naira a 1986, ko janye tallafin mai a 2023, dole mai karatu ya riƙe baki. Amma kafin ƙarin albashin Udoji, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnati naira 312 ne a shekara, watau naira 26 a wata, bai kai naira ɗaya a yini ba. Wannan kuwa mai albashi ke nan, alhali mafi yawan jama'armu manoma ne waɗanda ba sa ganin kuɗi mai kauri sai kaka, in an kai gyaɗa ko auduga kan sikeli. Arhar fetur, me ta ƙara wa wanda dukiyarsa jaki ne? Tuwon sisi yana da arha ga mai sisi.

Ba muna cewa rayuwa ba ta yi tsada ba. Wanda ke cefane ya san ta yi, mu ma da albashin koyarwa muke cefanen. Abin da muke cewa shi ne lamba ita kaɗai ba ta faɗin gaskiya. Ƙarin Udoji ma ya isa misali. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 720 a shekara, aka biya a farkon 1975 haɗe da bashin watannin baya, ma'aikata suka ruga sayen babura da rediyo, amma a shekarar nan hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ma'aikaci ya tuna Udoji da murmushi, manomi da ɗan ƙwadago suka tuna shi da tsadar kasuwa. Shekara ɗaya, labari biyu.

Labaran Da Akan Zaɓa

Haka abin yake wajen labarai. Akan so a tuna mana cewa a Janairun 1973 Legas ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka karo na biyu, ƙasa tana cikin kuɗin mai, an gama Yaƙin Basasa da shekara uku, an koma tuƙi ta hannun dama tun Afrilun 1972. Duk gaskiya ne. Amma mako uku cif bayan fitowar naira, ran 22 ga Janairu, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Gidaje nawa ne sabon kuɗi ya shiga a matsayin sadakar zaman makoki?

Sa'an nan ga fari. Daminar 1972 ta yi gardama, ta 1973 ta fi ta muni, tun daga Sakkwato da Katsina da Daura har Barno, da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, inda shanu suka yi ta faɗuwa, mutane suka yi ta kwararowa birane. Daga wannan fari, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗar Kano ba ta sake komawa yadda take ba. Kakanninmu sun fi mu gaskiya a nan, domin su har suna suke raɗa wa yunwa don kada a manta, kamar Kakalaba ta 1914. Mu kuwa jikokinsu mun ɗauki shekarar fari mun mai da ita shekarar ƙoshi, saboda kawai takardar farashi ta yi mana kyau.

Waƙa Da Silima

Idan aka zo kan nishaɗi, sai a ce da can waƙa tarbiyya ce tsantsa. Babu mai musun gwanintar Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Musa Ɗanƙwairo, ko rawar da Rediyon Kaduna ya taka wajen kai muryoyinsu kowane lungu. Amma a tambayi dattawa da kyau. A wancan lokaci gidaje da yawa ba sa yarda ɗansu ya je wurin kalangu ko goge, kuma yaron da aka gani a ƙofar silimar Rex ko Plaza a Kano, ya je kallon fim ɗin Indiya, ya san abin da ke jiransa a gida. Abin da muke kira al'adar kirki yau, shi ake kira lalacewar zamani jiya. Marubucin da ya ɓoye wannan ya hana matasa wani darasi mai amfani, ya kuma ba su sandar da za su doki nasu mawaƙan ba tare da auna aikinsu ba.

Shaidar Marubutan Lokacin

Hujjarmu mafi ƙarfi ita ce adabin da aka rubuta a zamanin kansa. Tun kafin samun mulkin kai Shu'aibu Maƙarfi yake kuka da halin mutane a wasanninsa na Zamanin Nan Namu. A Kitsen Rogo, Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna saurayin da ya bar ƙauye ya tafi birni neman arziki, ya faɗa hannun miyagu. Sulaiman Ibrahim Katsina kuwa, a Turmin Danya na 1982, fasa-ƙwauri da cin hanci ya sa a gaba. Waɗannan mutane suna cikin zamanin kuɗi mai daraja suka yi rubutu, amma ba su ga aljanna ba. Sun ga mutane da kirkinsu da kwaɗayinsu. Ashe kowace jiya, yau ɗin wani ce, kuma shi ma ya koka da ita.

Kammalawa

A taƙaice, ba muna kira a daina tuna baya ba ne. Muna kira ne a tuna da ita dukanta. Wanda zai rubuta mana wata rana ta da, ya faɗa mana ranar wa ce: ta akawu a Kaduna, ko ta makiyayi a Gumel, ko ta mai ƙosai a bakin tasha. In ya kawo farashi, ya kawo yinin aikin da ke sayensa. Ya je ɗakin adana kayan tarihi na Kaduna ko Gidan Arewa ya buɗe tsofaffin jaridu, ya kuma zauna gaban tsofaffi mata, ba maza kaɗai ba, domin su suka san abin da mudu yake ci.

Dalilin nacewarmu shi ne yaran da muke koyarwa. Yaron da aka shayar da cewa komai na kirki ya ƙare kafin a haife shi, ba abin da zai koya sai yanke ƙauna. Amma wanda aka gaya wa cewa kakarsa ta sayar da awakinta a shekarar fari, ta jure, ta yi renon ubansa har ya yi karatu, wannan an ba shi gado. Su ma tsofaffin da suka sha wannan wuya suna da hakki a kanmu, kada mu share wahalarsu don labarinmu ya yi zaƙi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa alƙalumanmu su faɗi gaskiya.