Sharhi a kan aikatau na Ingilishi "prorogue" da yadda ake fassara shi

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba kalma guda wadda ɗaliban da suka iso Ingilishi ta hanyar Faransanci suke yawan tuntuɓe da ita. Ƙananan jerin kalmomi masu harshe biyu kan ajiye "prorogue" daura da "proroger" ba tare da wani bayani ba. A ganinmu wannan sakaci ne.

Asalinsu ɗaya, wato "prorogare" na Latin. A Rum ta dā ma'anarsa ƙara wa shugaban yaƙi wa'adi bayan shekararsa ta cika, kamar yadda aka yi wa Publilius Philo a 326 kafin haihuwar Annabi Isa. Faransanci ya riƙe wannan ma'ana. Ita muke ji a rediyo tun 2015 duk lokacin da aka tsawaita dokar ta-ɓaci a jihar Diffa. Gaskiya ne manyan ƙamusoshin Faransanci sun kawo ma'anar dakatar da majalisa, kuma a Kanada haka ake amfani da kalmar, amma kunnen ɗan Nijar tsawaitawa ya saba ji. Shi kuwa Ingilishi daga jinkirtawa zuwa wata rana ya gangaro, har aikatau ɗin ya tsaya kan abu guda: rufe zangon zaman majalisar dokoki ba tare da rusa ta ba. Ƴan majalisa suna nan da kujerunsu, sai dai ƙudurorin da ba a kammala ba sukan faɗi, in ba waɗanda aka amince a ƙetarar da su ba.

A dubi abin da ya faru a Birtaniya a 2019. Firaminista Boris Johnson ya shawarci Sarauniya Elizabeth ta rufe majalisa wajen mako 5, zuwa 14 ga Oktoba, ana tsakiyar rikicin ficewa daga Tarayyar Turai. Ran 24 ga Satumba alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa matakin ya saɓa wa doka, washegari majalisa ta koma zama. Mai fassarar da ya bi Faransanci zai ce Johnson ya "tsawaita" majalisa. Ya juya labarin ke nan: mai saurare zai rasa dalilin da ya sa aka kai ƙarar wanda ya ƙara wa wakilai lokaci.

"Ɗage zama" da wasu suke sawa ya fi dama, amma bai gamsar ba. Wannan aikin "adjourn" ne, wanda majalisa ke yi da kanta, kuma ba ya kashe ƙuduri. "Rusawa" kuma ta "dissolve" ce, wadda zaɓe ke biyo bayanta. Mu dai "rufe zangon majalisa" muka fi so, ko da yake ya yi tsawo, domin "zango" ya nuna tafiya ba ta ƙare ba.

Wajen amfani, a Ingilishin yau abin da aikatau ɗin ke faɗawa a kai majalisa ce ko zamanta, mai aikatawa kuma galibi sarki ne ko wakilinsa, ko shugaban ƙasa. Ɗalibin da ke neman a ƙara masa wa'adin miƙa kundi, "extend" zai rubuta.