Hotunan Duwatsu da Dabino a Dutse

Tun shekarar 1991, sa'ad da aka yanki Jihar Jigawa daga Kano aka mai da Dutse babban birninta, baƙi ba su yanke wa garin ba. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011 sai samari da 'yammata suka ƙaru, kowa kuwa da wayar ɗaukar hoto a aljihu. Da wuya mutum ya kwana biyu a garin bai tsaya gaban duwatsun Garu an ɗauke shi ba. Wanda ya tara hotunan nan ya jera su, lalle zai ga fuskoki da tufafi masu kyau, amma da ƙyar zai gane garin da aka tsaya.

Babban aibinsu shi ne wurin da a ke tsai da mutum. Mai ɗauka ya kan sa abokinsa a tsakiya cif, ya matso har jikinsa ya cika fili, dutsen da aka zo dominsa kuwa an sare masa kai, sai wani toka-toka a bayan kafaɗa. Irin wannan ko a zaure aka ɗauka ɗaya ne. Waɗansu su kan ja da baya don dutsen ya shiga duka, to, sai su faɗa wani ramin. Gilashin waya mai faɗin gani ne, ya kan kumbura abin da ke kusa, ya ƙanƙantar da na nesa, har dutsen da ya ke tsorata mai kallo ya koma kamar tulin ƙasar gini. Maganin abin shi ne a bar wani abu da ido ya san girmansa a gindin dutsen, ko akuya, ko mai keke, ko katangar gida. Da shi ne mai kallo zai auna. Haka kuma duwatsun a jere su ke, sun miƙa gefe da gefe, amma an saba riƙe waya a tsaye, sai rabin hoton ya zama sararin sama fayau, sauran kuwa kwalta.

Dabino ma ya sha wuya. Itace ne dogo siriri, in ba a kula ba sai ya fito kamar ya tsiro daga hular wanda aka ɗauka. Taku biyu zuwa dama ya isa gyara.

Sai batun rana. Dutse tana kusa da tsakiyar duniya, har a watan Afrilu da na Agusta rana ta kan tsaya daidai ka da tsakar rana, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Dutse kuwa ba ya nuna siffarsa sai da inuwa. Tsagarsa da ƙusumbinsa da yadda wani ya hau kan wani, duk hasken gefe ne ke fito da su, watau da hantsi ko bayan la'asar. Hoton azahar ya kan shafe su sarai, ya kuma bar idanun mutum cikin duhun hula. Hazon hunturu dai ba laifi ba ne kamar yadda a ke zato, gama ya kan raba dutsen kusa da na nesa hawa hawa.

Akwai ƙa'idar da wani Bature, John Thomas Smith, ya rubuta a 1797, cewa a kasa fili kashi uku, a kauce wa tsakiya. Masu koyo da suka ji labarinta sun riƙe ta kamar farilla, har a hawan Salla a ke ganin an ture Sarki gefe guda. Wannan kuskure ne. Sarki a ƙarƙashin laima, dogarai dama da hagu, an riga an tsara shi, tsakiya ce mazauninsa. Abin da ya kamata a tsare a ranar shi ne ƙafafun doki, waɗanda a ke yawan guntulewa, da kuma gaban mahayi mai sukuwa, don a bar masa filin da zai nufa.

A Birnin Kudu, inda zanen shanu na mutanen dā ya ke a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, aibin ya juya. Can matsowa a ke yi ƙwarai, har saniya guda ta cika hoton. Zanen ya fito, amma kogon da ya kāre shi daga ruwa da rana shekara da shekaru ya ɓace, mai kallo kuma ba zai san ko saniyar ta kai taƙi ɗaya ko kamu biyu ba.