Ra'in Sifofin Hali: Sharhi a kan Asalinsa da Iyakarsa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne. Idan aka dubi wannan magana da kyau za a ga ita ce ginshiƙin wani babban ra'i a fagen ilimin halayyar ɗan Adam, wato ra'in sifofin hali. Masu wannan ra'i suna ganin kowane mutum yana ɗauke da wasu sifofi zaunannu, kamar haƙuri ko rowa ko tsoro, waɗanda yake yawo da su duk inda ya sa ƙafa, kuma ana iya ƙidaya su, a auna su, har a yi hasashen abin da mai su zai aikata gobe. Daga wannan ra'i ne aka samo takardun tambayoyi na auna hali, waɗanda ake amfani da su wajen ɗaukar ma'aikata da ba ɗalibai shawara, ake kuma fassara su zuwa harsunan duniya.

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun ra'in tun daga tushensa, a ba shi haƙƙinsa inda ya ci nasara, sannan a nuna inda da'awarsa ta wuce hujjarsa. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ma'aunin da ake cewa na dukkan 'yan Adam ne an ciro shi daga ƙamusun harshe guda, bayan an zubar da wani kaso mai yawa na kalmominsa, kuma kason da aka zubar ɗin shi ne mafi kusa da abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce hali.

2.0 Daga Ƙamus zuwa Ma'auni

Tun a 1884 Francis Galton na Ingila ya kawo shawarar cewa a nemi sifofin mutane a cikin ƙamus. Hujjar ita ce, duk bambancin da ya dami jama'a a zamansu na yau da kullum, ba makawa sun sa masa suna. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka aiwatar da shawarar a Amurka. Sun bi ƙamusun Webster na Ingilishi shafi-shafi, suka tsamo kalmomi 17,953 da ake bayyana mutum da su, suka kasa su gida huɗu. Gida na farko, mai kalmomi 4,504, shi ne suka ɗauka a matsayin sifofin hali na haƙiƙa. Sauran gidajen sun ƙunshi kalmomin yanayi mai wucewa, da kalmomin yabo da zargi, da tarkacen da bai shiga ko'ina ba.

Raymond Cattell ya ɗauki gidan farko ya rage shi zuwa rukunoni 171, daga nan zuwa 35, kafin ya fito da ma'auninsa mai sifofi 16 a 1949. Hanyar da ya bi ta lissafi ce, kuma ga yadda take a taƙaice. Za a ba mutane da yawa jerin kalmomi, kowa ya auna kansa ko abokinsa da su, sannan a duba kalmomin da ke tafiya tare. Idan aka ga wanda aka kira mai surutu galibi shi ake kira mai fara'a da son taro, sai a ɗaure kalmomin nan dami guda, a laƙaba wa damin suna. Hans Eysenck a Landan ya bi irin wannan hanya da bayanan sojoji 700 marasa lafiya, amma shi dami biyu ya samu a 1947, daga baya ya ƙara na uku.

A 1961 Ernest Tupes da Raymond Christal, masu yi wa rundunar sojan sama ta Amurka bincike, suka sake lissafa sifofin Cattell, suka ga dami biyar ne ke ta maimaituwa. Warren Norman ya ƙarfafa haka a 1963, Lewis Goldberg ya raɗa musu suna Manyan Biyar a 1981, sannan Paul Costa da Robert McCrae suka gina shahararren ma'auninsu a kansu. Biyar ɗin su ne: sakewa da jama'a, da daɗin sha'ani, da kula da aiki da tsare ƙa'ida, da saurin damuwa, da kuma buɗaɗɗen tunani mai son sabon abu.

3.0 Inda Ra'in Ya Ci Nasara

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ra'in ya sha suka mai tsanani ya kuma tsira. A 1968 Walter Mischel ya tattara binciken da aka yi kafinsa, ya nuna cewa dangantakar da ke tsakanin makin mutum a takardar tambayoyi da abin da ya aikata a wani yanayi guda ba kasafai take wuce 0.30 ba, a ma'aunin da cikarsa 1 ne. Tun a 1928 ma Hartshorne da May sun gwada dubban 'yan makaranta, suka ga yaron da ya yi satar amsa a aji ba lalle ne ya yi maguɗi a filin wasa ba. Sai dai Seymour Epstein ya ba da amsa a 1979, cewa ba a gane hali da aikin rana ɗaya. Idan aka tara ayyukan mutum na kwanaki da yawa, daidaiton yakan fito fili. Haka kuma a 2000 Roberts da DelVecchio sun haɗa bincike 152 da aka bi mutane shekara da shekaru, suka ga zaman hali yana ƙaruwa da shekaru: daga kimanin 0.31 a yarinta zuwa kimanin 0.74 bayan shekara 50. Ashe ke nan icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zanen dutsen a hankali yake zurfi. A wannan gaɓa ba mu da ja da masu ra'in.

4.0 Inda Da'awa Ta Wuce Hujja

4.1 Abin da aka zubar tun a bakin ƙofa

A cikin gidaje huɗun Allport da Odbert, wanda ya fi kowanne yawa shi ne na yabo da zargi, mai kalmomi 5,226. Shi aka ajiye gefe, domin Allport yana ganin hukuncin jama'a a kan mutum aikin masu tarbiyya ne, masanin kimiyya kuwa sifa tsura yake nema. To, a nan akwai tufka da warwara. An fara da cewa abin da ya dami jama'a shi suke sa wa suna, sannan aka juya aka yar da gidan da jama'a suka fi zuba wa sunaye. Kuma an ga sakamakon haka. A 1987 Tellegen da Waller sun mayar da kalmomin yabo da zargi cikin lissafi, sai dami bakwai suka fito. A 2004 Ashton da Lee da abokan aikinsu sun duba bincike daga harsuna bakwai, ciki har da na Koriya da Hangari da Folan, suka sami dami na shida, wanda ya ƙunshi gaskiya da tawali'u. Wato ke nan adadin nan na biyar ya danganta da abin da aka zuba a rariya tun farko.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya jero sifofi goma da Hausawa ke auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ko ɗaya a cikinsu da za a iya furtawa ba tare da yabo ya biyo ta ba. Da a ce ƙa'idar Allport za a bi sau da ƙafa, da kalmar kirki kanta ba ta tsallake bakin ƙofa ba, balle farin jini da baƙin jini, waɗanda ma a zukatan jama'a suke zaune, ba a jikin mai su ba.

4.2 Hujjar fassara

A 1997 McCrae da Costa sun yi da'awar cewa Manyan Biyar gadon dukkan 'yan Adam ne, hujjarsu kuwa ita ce an fassara ma'auninsu zuwa harsuna shida kuma dami biyar ɗin sun sake fitowa. Amma ai wanda ya buga bulo da akwati, siffar akwatin zai gani. Tambayar da ba a sa a takarda ba ba ta da hanyar fitowa a amsa. Da Fanny Cheung da abokan aikinta suka fara daga harshe da al'adun Sinawa a 1996, sun sami wani dami na kiyaye zumunci da fuska da ramuwar alheri, wanda ma'aunin Amurka bai san da shi ba.

Bugu da ƙari, ko fassarar ma ba ko'ina take aiki ba. A 2013 Michael Gurven ya gwada tambayoyi 44 na Manyan Biyar a kan mutum 632 na ƙabilar Tsimane, manoma da mafarauta a Boliviya. Dami biyu kawai suka fito sosai, ɗaya na kyautata wa jama'a, ɗaya na himmar aiki. A 2019 Laajaj da abokan aikinsa sun duba amsoshin mutum sama da 94,000 daga ƙasashe 23 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, suka ga inda aka yi tambayoyin baki da baki tsarin biyar ɗin yakan rushe. Ke nan ma'aunin ya fi dacewa da wanda ya yi boko mai zurfi, ya saba zama shi kaɗai da takarda yana ba kansa maki.

4.3 Tambayar da ba a yi ba: a gaban wa?

Mu ɗauki kunya. Matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta cin abinci a gaban surukanta, ba ta ɗaga ido idan suna magana, ita ce kuma za a tarar ta cika gida da barkwanci idan ta haɗu da taubashinta ko kakanta. Idan aka tambaye ta ko ita mai yawan magana ce, aka ce ta zaɓi maki daga 1 zuwa 5, wace amsa ce gaskiya? In ta tuna surukai, ma'aunin zai rubuta ta a cikin masu noƙewa, ko ma masu saurin damuwa. In ta tuna taubashi, zai rubuta akasin haka. In aka raba tsakani aka ba ta 3, an rubuta matar da babu ita. Alhali kuwa halinta a zaune yake daram, sai dai zamansa yana cikin sanin wanda ake yi wa kawaici da wanda ake yi wa wasa. Wannan ne Mischel da Shoda suka nuna a 1995, cewa tambarin halin mutum yana cikin tsarin yadda yake sauyawa daga yanayi zuwa yanayi. Haɗarin a fili yake: ranar da aka auna mai neman aiki ko ɗalibi da irin wannan takarda, tarbiyyarsa ce za ta koma masa naƙasu.

5.0 Aikin da ke Gabanmu

Maganin wannan ba watsi da hanyar ƙamus ba ne. A bi ta ne tun daga farkonta a cikin harshenmu. An yi haka a Afirka ta Kudu, inda aka tattaro kalmomin hali daga harsunan ƙasar 11, aka fito da rukunoni tara a 2012. Thalmayer da Saucier da abokan aikinsu sun yi irinsa a 2020 a harshen Masai na gabashin Afirka da na Sufiyire a ƙasar Mali. Mu kuwa muna da kayan aiki: ƙamusun Bargery na 1934 mai kalmomi kimanin 39,000, da na Abraham, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Sai dai akwai gargaɗi ga mai shiga aikin. Binciken Ingilishi ya dogara ne a kan kalmomin ajin sifa, Hausa kuwa sifofinta 'yan asali kaɗan ne. Bahaushe yana bayyana hali da "mai" da "maras", kamar mai haƙuri da maras kunya. Da sunayen ɗafa-goshin "ma-", kamar marowaci da matsoraci da mafaɗaci. Da kuma harɗaɗɗun kalmomi na sassan jiki, kamar taurin kai da girman kai da zurfin ciki da mutuwar zuciya da sakin fuska. Wanda ya shiga ƙamus yana farautar sifa kaɗai zai fito hannu rabbana. Don haka aikin na haɗin gwiwa ne tsakanin masana harshe da masana halayya, kuma ya kamata kowace tambaya ta ambaci wanda ake mu'amala da shi: babba ne, ko sa'a, ko na ƙasa.

6.0 Kammalawa

An ga yadda ra'in sifofin hali ya taso daga kalmomi 17,953 na Ingilishi ya tsaya a kan biyar, an kuma ga cewa batun zaman hali yana da hujja mai ƙarfi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗaukar biyar ɗin a matsayin mudun da za a auna kowa da shi, tun da an cire yabo da zargi daga cikinsa, an kuma manta da tambayar a gaban wa. Kafin a fassara wani ma'auni a yanke wa ɗan Hausa hukunci da shi a wurin neman aiki ko karatu, ya kamata a fara tambayar harshen Hausa abin da ya sani game da hali.