Ƙaramar Huda a Murfin Aksul

Ƙaramar tarakta mai ja da tayoyi huɗu, irin waɗanda Kubota da Yanmar ke ƙerawa a Japan, Kioti a Koriya ta Kudu, Mahindra kuma a Indiya, tana da wani ciwo da masu ita suka sani sarai. Da safe sai a tarar cikin tayar gaba ya jiƙe da mai, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi ƙirin. A canza oyil sil, wato zoben robar nan da ke rungume da shaf yana hana mai fita, a ɗan samu lafiya, sai yoyo ya dawo. Wani bakaniken zai sake canzawa, ya karɓi kuɗinsa, ya ce kayan zamani ba su da ƙarko. Wani kuwa zai sa a yi aiki da taraktar kamar awa guda cikin rana, sannan ya durƙusa, ya kai kunnensa kusa da murfin da ake zuba wa aksul ɗin gaba mai, ya sassauta shi a hankali. In ya ji iska ta huro, to ya kama ɓarawon.

Aksul ɗin gaba dogon kwanson ƙarfe ne rufaffe, wanda ya ratsa ƙarƙashin injin daga taya zuwa taya. A tsakiyarsa akwai giyoyin da ke karɓar juyi daga shaf ɗin da ya taho daga giyabos, su raba shi dama da hagu, su kuma bar tayar waje ta fi ta ciki sauri in an zo kwana. A kowane ƙarshe akwai wani ƙaramin gida na giyoyi masu karkatattun haƙora da ke sauko da juyin zuwa taya, su ne ke ba ta damar karya kwana sosai ba tare da ta daina ja ba. Duk waɗannan cikin mai suke juyawa, man giya mai lamba 80W-90 ko kuma man haidirolik ɗin da kamfanin ya ambata, lita 3 zuwa 5 a yawancin ƙananan. Man bai cika kwanson ba. Abin da ke samansa iska ce, kuma a taraktoci da dama iskar nan ba ta da ƙofar fita.

Duk wanda ya taɓa barin jarkar roba a rufe cikin ranar bazara ya ga yadda take kumbura da azahar, ta motse da asuba. Haka abin yake a cikin aksul, sai dai ƙarfe ba ya kumbura. A ɗauka an tayar da tarakta da safe zafin iska na digiri 25, aiki da rana suka kai kwanson digiri 65. Iskar da ke kulle za ta ƙara matsi da kusan kashi 13 cikin 100. Shi ma man yana buɗewa, kusan kashi 3 cikin 100 a wannan tazarar, ya ƙara cinye ɗan wurin da iskar ke da shi. In mai lita 4 ne iska kuma lita 1, ƙarin matsin zai kai wajen fam 4 a ma'aunin da mai faci ke gwada taya. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar fam 30 ko fiye, don haka 4 kamar ba komai ba ne. Amma oyil sil na yau da kullum ba a yi shi don riƙe matsi ba, iyakarsa ba ta wuce fam 7 ba, kuma tun kafin a kai nan matsin yana danna leɓensa a kan shaf, ya ƙara masa zafi, ya cinye shi da wuri. Tsohon sil kuwa, wanda ya riga ya taurare, sai kawai ya ba da hanya.

Ɗaya ɓangaren ya fi wannan muni, kuma shi ya fi shafar mai aiki a fadama. Tarakta ta taho da zafinta daga kan titi, ta faɗa cikin ruwan gonar shinkafa a Kadawa ko a fadamun Kebbi. Kwanson ya huce farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke. In da ma wani ɓangarenta ya riga ya sulale waje lokacin zafi, yanzu cikin ya zama mai zuƙo, kuma abin da ke bakin sil a wannan lokaci ruwa ne da laka. Leɓen sil an karkata shi ne don ya tare mai daga ciki, ba shi da ƙarfi sosai a kan abin da ke turowa daga waje. Bayan wani lokaci, in aka kwance notin tsiyaye mai, sai a ga ya koma fari-fari, ya yi kauri. Ruwa ya shiga ke nan. Daga nan tsatsa za ta kama boris, ta yi musu ƙananan ramuka, haƙoran giya su fara kuka.

Maganin a faɗe gajere ne: a yi wa iskar hanyar shiga da fita, a kai bakin hanyar inda ruwa da ƙura ba za su same shi ba. Makanikai na kiran wannan hanya biriza. Direbobin Hilux da Land Cruiser sun san ta, ita ce 'yar hular ƙarfen nan da ke saman aksul ɗinsu.

Gwani ba ya fara da huda. Yakan wanke saman aksul tas, ya bi shi da yatsa da fitila, domin wasu taraktocin suna zuwa da birizarsu, ko a jikin kwanson ko a ɓoye cikin murfin ma'aunin mai, kuma laka ce kawai ta toshe ta. In haka ne, aikin ya ƙare da siririyar waya da ɗan kananzir. Yakan duba yawan man a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, don wanda aka cika fiye da ƙima zai yi amai ko da biriza goma. Yakan kuma tambayi mai tarakta ko garantin kamfani bai ƙare ba, tun da huda na iya jawo gardama da dila. Ni ina ganin masu ƙerawar ma suna da hujjarsu: rufaffen kwanso ba shi da ƙofar da ruwa zai bi, kuma aksul ɗin da ke tafiyar hawainiya a ƙasa mai sanyi ba ya zafi sosai. Ƙasar da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ake kuma tuƙa tarakta kilomitoci a kan kwalta daga wannan gona zuwa waccan, lissafinta daban ne.

In ya tabbata sai an huda, wurin da ya fi dacewa shi ne murfin zuba mai. Dalilin yana da daɗin ji. Murfin ana iya cire shi a kai shi kan benci, nesa da giyoyi, don haka ko ƙwayar garin ƙarfe ɗaya ba za ta faɗa cikin mai ba. In aikin ya ɓaci, asarar murfi ce, ba ta kwanso ba. Mai hangen nesa ma yakan sayi murfi na biyu ya huda shi, ya ajiye na asali a akwatin kayan aiki. Kafin ya cire, yakan goge kewayen da tsumma, bayan ya cire kuma ya toshe bakin da tsumma mai tsabta.

Kayan ba su da yawa. Akwai 'yar mahaɗar tagulla, gefe ɗaya mai tiredi, wato murɗaɗɗun haƙoran da ake ɗaurawa da su, ɗaya gefen mai ƙusoshi-ƙusoshi da ke riƙe tiyo. Akwai tiyon fetur mai faɗin ciki kamar milimita 6, wanda mai ba ya cinyewa, domin farar robar ruwa takan taurare ta tsage. Akwai ƙaramar filtar fetur irin ta babur ko janareta, da kilif biyu ko uku, da farin tef ɗin masu aikin famfo. Sai injin huda da taf, wato ƙarfen da ke yanka tiredi a cikin rami.

A nan akwai wani tarko da ke kama mai gaggawa. Mahaɗar da ake kira 1/8 iri biyu ce a kasuwa. Ta Amurka tana da haƙora 27 a kowane inci, ta Ingila kuwa, wadda injinan Japan ma ke bi, tana da 28. Ido ba ya raba su. In aka haɗa taf ɗin wannan da mahaɗar waccan, za ta shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sannan ta cije, ta riƙa tsatsafo. Gwani yakan jera taf da mahaɗa haƙori cikin haƙori, ya ɗaga su wajen haske. In haske ya ratsa tsakani, ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Sai ya matse murfin a bais, tsakanin katako biyu don kada haƙoransa su lalace. Ya buga alama a tsakiya da ƙarfe mai tsini, don kada bakin injin ya zame. Ya fara da ƙaramin baki, kamar milimita 3, sannan ya bi da babba, wanda ga tiredin Amurka kusan milimita 8.6 ne. Hannunsa a miƙe yake, ɗigon mai a bakin, ba ya dannawa da ƙarfi. Yanka tiredin shi ne inda ake gane haƙuri. Ya sa taf a tsaye cak, ya duba shi ta gaba ya duba ta gefe, ya murɗa rabin zagaye gaba, ya dawo kwata baya. Wannan dawowar ita ke karya ɓarɓashin da aka yanko, kuma yatsu na jin lokacin da ya karye. Taf ɗin bututu siriri ne a baki, yana kauri zuwa sama, don haka ba a kai shi ƙarshe. Yakan tsaya a wajen rabi, ya fitar, ya gwada mahaɗar. Abin da yake nema shi ne ta shiga da hannu zagaye uku ko huɗu sannan ta yi tauri. In ta shige gaba ɗaya ba tare da ta kama ba, ramin ya yi faɗi, sai sabon murfi.

Daga nan wanki ne da kananzir, a hure, a sake wankewa. Tef ɗin yakan naɗa shi ta inda ake ɗaurewa, ya bar haƙori na farko tsirara don kada guntunsa ya yanke ya faɗa ciki. Ya ɗaure da hannu, ya ƙara zagaye ɗaya ko biyu da sifana, ya tsaya.

Wani lokaci murfin na roba ne mai rauni, ko kuma yana daidai inda babban giya ke watso mai sama. A nan dole a huda kwanson kansa, kuma aikin ya koma na manya. Ana zaɓar can sama, gefe da layin watsin. Ana tsiyaye mai, a shafe bakin injin da taf da giris don ɓarɓashi ya manne, a riƙa fitarwa ana gogewa, a zura maganaɗisu, a ɗauraye cikin da mai mai araha kafin a zuba sabo. Kwanson zubin ƙarfe ne, yana da ƙarfin ɗaukar nauyi amma ba ya lanƙwasa, kuma mahaɗa mai kaurin gindi in aka matsa mata tana iya tsaga shi.

Yaron gareji kan tambaya a nan: "Oga, tun da iska kawai ake so ta fita, me zai hana a bar hudar haka?" Huda tsirara a saman aksul ta fi rashin huda sharri, domin aksul na ƙasa ne, inda taya ke feso laka da inda ƙurar hunturu ta fi yawa. Tiyon shi ne rabin aikin. Yakan tashi daga mahaɗar ya yi sama, kuma ba a yarda ya yi ciki a hanya ba, don duk inda ya lotsa man da ya fantsamo zai taru ya toshe shi. In yana hawa kawai, man zai gangaro ya koma gida. Ana kai shi ƙarƙashin bonet, sama da duk inda ruwa zai iya kaiwa, nesa da salansa da fanka da fambel. A can ƙarshe ana lanƙwasa shi ya kalli ƙasa, a sa masa filtar. Wasu kan sa biriza mai bawul da ke barin iska ta fita kawai. Wannan ta magance matsi, amma ta bar zuƙo, shi ya sa na fi yarda da filta mai barin iska ta bi ta kowane ɓangare.

Sauran abu ɗaya, wanda ba a ganinsa in tarakta na tsaye. Aksul ɗin gaba ba a kafe yake ba, yana lilo a kan wani fin da ke tsakiya don tayoyi su bi tudu da kwari. Tiyon da aka ja ya miƙe tsam zai fizge a kunya ta farko. Don haka gwani yakan cire makulli, ya sa wa tayoyin baya waigi, ya ɗaga gaban ta jikin firam, ya tokare da ƙarfen tsayawa maimakon ya dogara da jak. Sannan ya danna taya ɗaya ƙasa har iyaka, ya danna ɗayar, ya juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, idonsa na kan tiyo. Inda ya ja, a ƙara masa tsawo. Inda ya goga ƙarfe, a sa masa rigar tsohon tiyo. Sai bayan wannan yake ɗaure shi a jikin firam, kuma ba ya matse maɗaurin har ya shaƙe shi.

Biriza ba ta gyara sil ɗin da ya riga ya mutu, ba ta cike zanen da ya ci a jikin shaf, ba ta kuma rage wa boris wahalar mai cika cokalin lodi fiye da ƙima. Waɗannan sai an canza su, kuma in man ya riga ya yi fari, shi ma a zubar. Bayan an haɗa komai, a sake yin aikin awa guda a rana, a zare tiyon daga mahaɗar a saurara: bai kamata a ji hucin komai ba. Daga nan duk lokacin da aka zo canjin baƙin mai, a cire filtar a duba ta, a hura tiyon daga ƙasa a tabbatar iska na wucewa, domin zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a bakin duk ramin da ya samu a buɗe.