Gidan Mambayya: Kayan Malam Sun Tsira, Ina Maganarsa?

Duk ɗan Kance da ya shiga Kano, ya daure ya leƙa unguwar Gwammaja ya ga Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, kuma a nan kabarinsa yake. Yanzu gidan cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, har da zauren taro mai sunan Sa'adu Zungur.

Da na shiga, abin da ya fara kama ni shi ne ƙanƙantar wurin da mutumin ya rayu. Ba bene, ba ƙawa. Kowane baƙo sai ka ji ya ce: "Kai, Malam bai tara abin duniya ba!" Gaskiya ne. To amma a nan damuwata take. Gida irin wannan yana iya mai da ɗan gwagwarmaya waliyyi: a yaba masa kan gudun duniya, a manta da abin da ya sa sarakuna da En'e suka tsane shi. Ai ba don yana kwana a ƙaramin ɗaki aka riƙa ɗaure ƴan NEPU ba. Don sun ce talaka yana da haƙƙi ne. Haraji da jangali da gwamnatocin PRP suka soke a Kano da Kaduna a 1979, daga wannan faɗan suka samo tushe.

Mu da ke karatun harshe mun san babban makamin Malam kalma ce. "Talaka" da can sunan raini ne, NEPU ta mai da shi tuta. "Sawaba", wadda suka yi shela da ita a 1950, ba ta tsaya a kan iyaka ba: sunan da jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka ke nan a Nijar, kafin a haramta ta a 1959, kuma ƙasar Damagaram na cikin inda ta yi ƙarfi. Gado da tabarma ana iya adana su a ɗaki. Kalma kuwa sai a bakin mutane.

Ƴan'uwa, tsofaffin da suka ga zamanin Sawaba suna nan a Kance da Matamai, amma kullum raguwa suke. Kowannenmu yana da waya. Mu je mu durƙusa, mu ce: "Baba, lokacin da kuke cewa sawaba, me kuke nufi?" Mu naɗa, mu rubuta da Hausarsu yadda suka faɗa, tun ba a rasa mai ba da amsar ba.