Daddawar Iya

A gonakin Kibiya da Rano, manomi kan sare sabara da geza lokacin sharar gona, amma ba ya ɗaga gatari a kan ɗorawa. Yara na son garinta, magina na son makuba don daɓe da yaɓen katanga, mata kuwa kalwa suke jira. Cikin matan da suka san kan kalwa, ban ga wadda ta kai kakata Iya ba, Allah Ya jiƙanta.

Da bazara, wajen Maris zuwa Afrilu, ake kaɗo ɗorawa da ƙugiya, a ɓare, a fitar da gari, a wanke ƙwayar a shanya. Wannan kowa na iyawa. Aikin gwanaye daga murhu yake farawa. Kalwa tauri gare ta, sai ta wuni ta kwana a kan wuta kafin ta saki. Iya kan tashi da tsakar dare ta iza itace ta ƙara ruwa, kuma ba ta taɓa sakar wa kowa wannan aiki ba. Ba ta da agogo. Ƙwaya ɗaya za ta tsamo ta murza tsakanin yatsu, in baƙin ɓawon ya saluɓe sai ka ji ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo turmi."

Surfen ma da lalama ake yinsa, a barbaɗa toka kaɗan don ɓawo ya fita ƙwaya ba ta farfashe ba. Daga nan sai bakin rijiya, a yi ta wanki ana tsince tsakuwa da wadda ta ƙi buɗewa. A sake dafawa da 'yar kanwa, a tsane, a juye da zafinta cikin kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a rufe da buhu da tsummoki a kai ƙuryar ɗaki.

Nan ne gwaninta take. Kwana biyu zuwa uku babu mai taɓa kwandon, jika mafi soyuwa ma in ya matsa sai ya sha faɗa. Masana sun tabbatar cewa ƙwayoyin halitta, musamman Bacillus subtilis, su ke narkar da sinadarin gina jiki na kalwa a cikin wannan ɗumi, su fito da yauƙi da ƙamshi. Iya ba ta san sunan nan ba, amma ta san in iska ta shiga da wuri kalwa ba za ta tashi ba, in ta zarce kuma ta lalace. Da hunturu takan ƙara rufi, da zafi ta rage. Daga bakin ƙofa hancinta ke yanke hukunci. Sannan a kirɓa, a mulmula, a danna da tafin hannu, a jera a tabarma rana ta busar. Yarbawa na da irinta suna ce mata iru, a Mali sumbala, amma ta Iya ko miyar kuka babu nama ta ishe ka cin tuwon dawa har ka nemi ƙari.

Da kuɗin daddawa ta haɗa wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, kwano bayan kwano. Duk wadda ta haihu a dangi, ƙullin Iya kan riga 'yan barka isa. Ɗaliban gidanmu da ke Kano ba sa komawa hannu sake.

Da Maggi ya cika kasuwa, wasu kuma suka koma yin daddawa da waken soya saboda tsadar kalwa, ba ta zagi kowa ba, ita dai ba ta sauya ba. Ta koya mana yadda ake gane ta ƙwarai: ka gutsura ka duba, kada ka ga ɓawo, kada yashi ya yi ƙara a haƙori, kuma ƙamshin ya biyo ka ba tare da ya soki hanci ba.